Koyar da tarbiyya da waƙar baka a Islamiyyun Legas, daki-daki

Yaron da aka haifa a Agege, Idi-Araba ko Obalende yana tasowa da harshe huɗu a baki: Hausa a ɗakin mahaifiyarsa, Yarbanci a layi, Turancin buroka a kasuwa, Turancin boko a aji. A cikin huɗun nan Hausar ce galibi ta fi ƙaranci, don ta tsaya a kan "zo ka ci abinci" da "je ka sayo mini". Kalmomi irin su kara, kawaici, tsantseni da dattako yakan ji su jefi-jefi, amma ba a taɓa zaunar da shi an warware masa su ba. Malamin da zai yi aiki da waƙa wajen gyaran hali a Legas sai ya riƙe wannan a ransa tun farko. A Kano ko Sakkwato yaro ya san kalmar, waƙa tuni kawai take yi masa. A Ikko, wato Legas, waƙar ce za ta kawo masa kalmar da ma'anarta gaba ɗaya.

Hanyar ta daɗe. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya rubuta littattafansa na ilimi da Larabci, amma talakan da ba ya karatu da waƙa aka kai masa saƙon, cikin Fulatanci da Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mayar da abin tsari sosai. Ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattawan mata da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa da jan rawani. Jaji takan zo wurin Nana da ayarin mata daga ƙauye, su haddace waƙoƙin a gabanta, su koma gida su koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Abu biyu ne suka sa tsarin ya yi ƙarko, kuma su ne ƙashin bayan duk abin da zai biyo baya: waƙar da mai sauraro ya fahimta, da mutumin da aka horar ya ɗauke ta ya kai gaba.

Kafin a fara: a daidaita da iyaye da limamin unguwa

Da zarar yaro ya koma gida ya ce yau waƙa aka koya musu a Islamiyya, za a samu uban da zai zo ƙofar makaranta da safe. Gara a riga shi. A tara iyaye da kwamitin masallaci a zama ɗaya, a karanta musu ayoyi na 224 zuwa 227 na Suratush Shu'ara'i, inda aka zargi mawaƙa sannan aka togace waɗanda suka yi imani suka aikata na ƙwarai. A kawo hadisin Bukhari cewa a cikin waƙa akwai hikima, da matsayin Hassanu ɗan Sabitu, wanda yake rera waƙa a masallacin Madina. Kada a ɓoye ɗaya ɓangaren: Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa cikin mutum ya cika da mugunya ya fi masa alheri a kan ya cika da waƙa. Ma'anar wannan ga makaranta a fili take. Darasin waƙa ba zai ci ko minti ɗaya daga lokacin Alƙur'ani, hadisi da fiƙihu ba. Zama biyu a mako ya wadatar.

Kayan kiɗa kuwa, a bar su. Malamai sun yi saɓani a kansu, kuma a aji ɗaya na Legas za ka tarar da ɗan gidan Tijjaniyya, da na Ƙadiriyya, da na Izala a tabarma ɗaya. Zawiyar da ta saba da bandiri ta san abin da take yi a cikin gidanta. Makarantar unguwa da ta haɗa kowa ta tsaya a murya zalla. Idan wani uba ya nace, malam ya ce masa, "Alhaji, ka zo ranar Asabar ka zauna ka ji da kunnenka, in ka ga abin gyara ka faɗa mana." Yawanci zama ɗaya ke kashe maganar.

Mataki na farko: hali ɗaya, kuma wanda ake gani da ido

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce jigon zangon nan "kyawawan ɗabi'u". Wannan ya yi faɗi, yaro ba zai san me ake so ya canza ba. Ko "gaskiya" ma ta yi faɗi. A rage ta har ta zama aikin da za a iya nunawa da yatsa: mayar da canji daidai idan an aike ka, ƙin ɗora tumatir mai kyau a kan ruɓaɓɓe, gaishe da maƙwabci Bayarabe ko Ibo kamar yadda ake gaishe da Bahaushe, rage murya idan uwa tana magana, ƙin tura hoton wani ko sirrinsa a waya. Ga samari akwai cacar ƙwallo ta waya, da tiramol, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018 amma bai ɓace daga lungu ba.

Hali ɗaya ya ɗauki mako 6 zuwa 8. A shekara ke nan za a taɓa hali 5 ko 6, idan aka cire hutu da watan azumi. Kowane hali a nema masa aya ɗaya da hadisi ɗaya ingantacce tun kafin a nemi waƙa. Na awo da ciniki, farkon Suratul Muɗaffifin. Na iyaye, aya ta 23 a Suratul Isra'i. Na gulma da zaman tare da wasu ƙabilu, ayoyi na 12 da 13 a Suratul Hujurat. Nassi ne tushe, waƙa tana yi masa hidima.

Mataki na biyu: nemo waƙar

Rijiya uku ake ɗiba.

Ta farko ita ce waƙoƙin wa'azi na malamai, waɗanda aka rubuta da ajami amma suka rayu a baka. Waƙoƙin Nana Asma'u na cikinsu, haka Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, wadda makafi suka yaɗa ta lungu da saƙo na ƙasar Hausa. Ana samun bugaggunsu a wajen masu sayar da littattafan addini a bakin manyan masallatan unguwannin Hausawa. Da yawansu dogaye ne ƙwarai, ba a koyar da su ɗungurungum. A tsamo baiti 8 zuwa 12 da suka dace da jigon, a faɗa wa yara sunan mai waƙar da cewa yanki ne aka ɗauko.

Ta biyu ita ce waƙoƙin cikin gida: na raino, na daka da niƙa, na gaɗa, na cikin tatsuniya, na tashe. Waɗannan ba su cikin shago, suna bakin tsofaffi, kuma a Legas suna ƙarewa da sauri, don gidan haya mai ɗaki ɗaya ba shi da tsakar gidan da za a yi daka ko dandalin da za a yi gaɗa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, saboda haka a je wurinsu. Malama ta ɗauki ɗalibai mata biyu ta je gidan dattijuwa bayan la'asar, da ɗan goro ko sabulu a hannu. Kada a ce "ki yi mana waƙar tarbiyya", za ta ce ba ta san ko ɗaya ba. A ce, "Inna, wace kike yi wa jikokinki in suna kuka?" ko "Hajiya, da kuna 'yan mata wace kuke yi a dandali?" Daga nan bakinta zai buɗe. A nemi izininta kafin a ɗauki murya a waya, a bar ta ta rera sau biyu, don na biyun yakan fito da baitin da ta manta a na farko. A rubuta abu huɗu a littafin makaranta: garin da ta fito, wanda ta koya a wurinsa, lokacin da ake yin waƙar, da kalmomin da ita kanta ta fassara. A wajen maza, direbobin manyan motoci da fataken Alaba Rago da tsofaffin mahautan Oko-Oba suna da kirari da waƙoƙin sana'a masu yawa.

Ta uku ita ce waƙar da malam ko ɗalibai za su tsara da kansu a kan tsohon kari. Za a zo kanta.

Mataki na uku: tacewa

Tsufan waƙa ba ya wanke ta. Mutum biyu su zauna a kanta, ɗaya mai ilimin addini, ɗaya mai zurfin Hausa, su bi ta ɗango-ɗango, wato layi-layi. Abin da ake cirewa: kiran iskoki da kirarin bori, wanda yakan ɓuya a waƙoƙin mata na da, labarin da aka jingina wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba tare da asali ba, batsa, wadda a waƙoƙin gaɗa da niƙa takan zo a lulluɓe, habaicin kishiya, da yabon mai kuɗi don ya bayar, wanda roƙo yake koyarwa.

Zambon ƙabila yana bukatar kulawa ta musamman a nan. Baitin da ke tsokanar wata ƙabila, wanda a Arewa za a ɗauke shi wasan barkwanci, a Legas yaro zai fita da shi layi ya rera wa ɗan maƙwabta. Mutanen Idi-Araba ba su manta da rikicin Fabrairun 2002 ba, na Mile 12 ba su manta da na Maris 2016 ba. Irin wannan baiti a cire shi ko da shi ne mafi daɗi a waƙar.

Sai batun tsoratarwa. Tsofaffin waƙoƙin wa'azi sukan siffanta azabar kabari da wuta dalla-dalla, don manya aka yi su. Yaro ɗan shekara 7 zuwa 10 a fara masa da baitocin kwaɗaitarwa, na rahama da lada da son Annabi. Baitocin azaba a jinkirta su zuwa shekara 13 ko sama, kuma ko a nan a haɗa su da na tuba. Yaron da aka fara masa da firgici yakan haddace da sauri, amma yakan tsani darasin.

Idan aka cire baiti, a cire shi gaba ɗaya. Kada a canza kalmomin malami sannan a ci gaba da jingina masa waƙar. Wannan ha'inci ne, kuma ba a gina darasin amana a kansa.

Mataki na huɗu: warware kalmomi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan makarantu suke tsallakewa. Yaro yana iya rera baiti 20 da murya mai daɗi bai san abin da yake faɗa ba. Alamar haka ita ce kalmomi su fara narkewa a bakinsa, su koma sauti kawai.

Shinge uku ne ke gaban ɗan Legas. Na farko karin harshe: waƙoƙin zamanin jihadi da Sakkwatanci suka zo, inda ake cewa "munka" da "sunka" a maimakon "muka" da "suka", "tahi" a maimakon "tafi". Wannan mai sauƙi ne, a rubuta su gefe da gefe a allo sau ɗaya. Na biyu Larabcin da ke cikinsu: riya, ujubu, hasada, zuhudu, ƙana'a. Na uku, wanda ya fi wuya, shi ne hoton rayuwar karkara. Waƙa za ta ce rumbu, kunya ta gona, gayya, zaure, tsangaya, ayari, zango, yaron kuwa bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Shi Zango a wurinsa unguwa ce a Agege.

Yadda ake yi: kafin zama, malam ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin da yake zaton za su gagara, kada su wuce 5 a zama ɗaya. Idan baiti biyu suna da baƙin kalmomi fiye da haka, a koyar da baiti ɗaya. A aji, ya fara tambaya kafin ya faɗa: "Wa ya taɓa jin ƙana'a a gidansu?" Sau da yawa akwai yaron da ya zo daga Arewa kwanan nan, ko wanda kakarsa ke gidan, a bar shi ya yi bayani, wannan yana ɗaga darajarsa a idon waɗanda ke yi masa kallon ɗan ƙauye. Sannan a ba da misali daga Legas. Ƙana'a ita ce abokinka ya sayi sabuwar waya, kai kana da tsohuwa mai fasasshen gilashi, kuma ba ka taɓa kuɗin cinikin babanka ba. Riya ita ce ka ba mabaraci sadaka sai ka ɗauki hoto. Abin da za a iya kawowa aji, kamar mudu, faifai, tasa ko akushi, a kawo shi. Wanda ba za a iya ba, a nuna hotonsa a waya.

Babu laifi a yi bayani da buroka ko Yarbanci idan Hausa ta ƙi shiga, da sharaɗin a dawo a rufe da kalmar Hausa, kuma yaro ya saka ta cikin jimlarsa. Gwajin fahimta guda ɗaya ne: a rufe allo, a ce ya faɗi ma'anar baitin da maganar baka kamar yana gaya wa ƙanensa. Wanda ya kasa, ba a wuce da shi baiti na gaba.

Mataki na biyar: tsarin zama ɗaya

Aji kada ya wuce yara 25. A raba su gida uku: shekara 7 zuwa 11, 12 zuwa 15, da 16 zuwa sama. Lokacin da ya fi dacewa shi ne safiyar Asabar da Lahadi. A ranakun boko yara suna isowa a gajiye bayan gosulo, kuma tsakanin la'asar da magariba na karatun Alƙur'ani ne.

Zama ɗaya minti 40 ne. Minti 5 na farko bita ce, a rera abin da aka riga aka haddace daga farko. Minti 5 malam ya karanta aya ko hadisin, sannan ya rera sababbin baitoci sau uku, yara na saurare ba su amsawa. Minti 10 warware kalmomi. Minti 10 karɓa-karɓa: malam ya ba da ɗango, aji su maimaita; sannan a raba aji biyu, dama su ba da baiti, hagu su karɓi amshi, a juya; daga ƙarshe a tsamo yara 3 ko 4 ɗaya-ɗaya, don a taron murya mai lalaci yakan ɓuya yana motsa baki. Minti 7 tattaunawa, minti 3 ba da aikin mako.

Ƙanana baiti 2 a zama, matsakaita 3, manya 4. Amshi shi ake fara koyarwa, don shi ne zai zauna ko da an manta sauran, saboda haka ainihin saƙon ya kasance a cikinsa. Kari ɗaya ake riƙewa daga farkon waƙa har ƙarshe. Idan malamai biyu ke koyarwa su daidaita karin tsakaninsu tukuna, in ba haka ba aji zai rabu biyu.

Minti 7 ɗin tattaunawa su ne malamai ke mayarwa wa'azin minti 30. A guji haka. Malam ya jefa tambaya ɗaya ya yi shiru: "An aike ka da dubu ɗaya, mai shago ya yi kuskure ya ba ka canjin dubu biyu, kuma ba wanda ya gani. Me baitin nan ya ce?" A bar su su yi gardama. Wanda ya ce shi kam zai riƙe, kada a kunyata shi, shi ne ya faɗi abin da ke ran rabin ajin.

Abu biyu ba su shiga wannan darasi. Bulala, don ba a rera waƙa da kuka a wuya. Da habaici, wato malam ya rera baitin ɓarawo yana kallon yaron da aka taɓa kamawa. Ranar da aka yi haka, baitin ya zama sunan tsokanar yaron har ya bar makarantar.

Mataki na shida: su tsara tasu

Daga shekara 12 zuwa sama, haddar waƙar tsofaffi kaɗai ba ta riƙe su, za su ce ƙauyanci ne. Abin da ke riƙe su shi ne a ce su ma za su iya. Daga mako na huɗu a koya musu sassan waƙa: ɗango shi ne layi ɗaya, baiti tarin ɗangwaye, amsa-amo shi ne sautin da ɗangon ƙarshe na kowane baiti ke ƙarewa da shi. A fara da 'yar ƙwar biyu, mai ɗango biyu a baiti. 'Yar ƙwar biyar da tahamisi, wato ƙara ɗangwaye a kan baitin wani mawaƙi har ya zama mai ɗango biyar, sai hannu ya faɗa. Ga samfuri a kan ha'incin kasuwa, mai amsa-amon "wa":

Cika mudu ɗan'uwa, cika mudu,
Akwai ranar awo tana zuwa.

Ka ɗora mai kyau a bakin kwando,
Ruɓaɓɓe na ƙasa, kana ɓoyewa.

Mai saye ya wuce bai gane ba,
Allah na gani, ba ya mantuwa.

Ribar zalunci ta yini ɗaya ce,
Kan magariba ta soma zubewa.

Baitin farko shi ne amshi. Ana haɗa waƙar da hadisin Muslim, inda Annabi ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Yaron da ubansa ke sauke kwandunan tumatir a Mile 12 ba ya bukatar dogon sharhi.

A raba aji rukuni-rukuni na mutum 4, kowane rukuni ya kawo baiti 2 a kan amshin da aka ba su. Kuskure uku za a gani. Ɗango ya yi tsawo har numfashi ya yanke. Maganinsa a ƙirga gaɓoɓi da tafi, kowane ɗango ya tsaya kusa da 10 ko 11 a wannan samfurin. Ƙirge kaɗai ba ya isa, don gaɓar Hausa akwai mai nauyi, kamar "kwan" ko "mai", akwai marar nauyi, kamar "ci" a "cika"; saboda haka alƙali na ƙarshe shi ne a rera, inda murya ta yi tuntuɓe a nan gyaran yake. Na biyu, a cusa kalmar da ba ta da ma'ana don amsa-amo ya fito. Na uku, aron karin waƙar fim ko ta TikTok. Wannan yana da ruɗi, don yara suna kama shi nan take, amma bayan mako biyu kalmomin asali za su dawo su kore na malam. A tsaya a karin waƙoƙin wa'azi ko na gaɗa da aka tace.

Idan kalmar buroka ko Yarbanci ta faɗo cikin baitin yaro, kamar danfo (motar haya) ko agbero (ɗan tasha), a bar ta. Duniyarsa ke nan, kuma mawaƙan Hausa ba su taɓa ƙyamar aron kalma ba.

Mataki na bakwai: ɗaure waƙa da aiki

Kowane mako yana da aiki ɗaya ƙarami da ya fito daga baitin: ka rera wa mahaifiyarka amshin ka faɗa mata ma'anarsa, ka mayar da wani abin aro da ya daɗe a hannunka, ka gaishe da maƙwabta uku da ba ka saba gaisarwa ba. A zama na gaba a tambayi mutum 3 ko 4 yadda ta kaya.

Wajen aunawa, makin hadda shi ne mafi ƙanƙanta. A ba yara amana ta gaske: asusun aji na alli da ruwan sha, riƙon mabuɗi, rabon littattafai, a riƙa juyawa duk mako biyu. A ƙarshen zango a yi wa iyaye tambaya takamaimai. "Ya halinsa?" amsarta kullum "alhamdu lillahi". A ce, "Hajiya, in kin aike shi yana kawo canji ba sai kin tambaya ba?" Wasu malamai sukan yar da kuɗi da gangan don su ga wanda zai ɗauka. Wannan tarko ne, kuma da zarar yara sun gane, amana tsakaninsu da malam ta tafi.

Daga kowane aji a zaɓi jagora 2 ko 3, irin jajin Nana Asma'u. Sharaɗin zaɓe fahimta da hali, zaƙin murya na zuwa daga baya. Su ne za su ja bita idan malam ya makale a hanya, su kuma koya wa ƙananan aji.

Samari masu nema, 'yan mata, da waya

Akwai dubban samarin da ba sa cikin kowace Islamiyya: 'yan dako, 'yan garuwa, masu gyaran takalmi, 'yan gwangwan, masu gadi, masu keke da acaba. Yawancinsu daga Arewa ko Nijar suka zo, Hausarsu ta fi ta malamin ma zurfi, don haka mataki na huɗu ba ya cin lokaci a wurinsu. Matsalarsu gajiya da rashin mai tsawatarwa. Zamansu minti 20 ne bayan isha'i a masallacin da suke kwana kusa da shi, sau ɗaya a mako, ba allo ba littafi. A ce musu "samari" ko "'yan'uwa", kada a yi musu muryar da ake yi wa yara. A fara da tambayar waƙar garinsu. Wanda ya rera tasa yau, gobe zai saurari taka. Jigoginsu: amanar kayan mutane, aika wa iyaye, bashi, ƙwaya, da haƙuri da tsokana a titi.

'Yan matan da suka balaga malama ce ke koyar da su, a ajinsu daban, kuma ba a ɗora muryarsu ko hotonsu a intanet. Na yara ƙanana ma sai da izinin iyaye.

Bayan kowane zama malam ya tura muryarsa ta baitocin ranar a zauren WhatsApp na iyaye, kada ta wuce minti 2, tare da rubutun baitocin da ma'anar kalmomi biyar ɗin. Doguwar murya ba mai buɗewa. Lasifikar waje kuwa a kashe ta. Hukumar kare muhalli ta jihar Legas, LASEPA, ta sha rufe masallatai da coci-coci saboda ƙara, kuma ba ya kyau a koyar da haƙƙin maƙwabci da sautin da ya hana maƙwabcin barci.

A watan azumi a dakatar da jigon da ake kai, a koma tashe, wanda bisa al'ada ake farawa daga goma ga wata. Wasanni irin su Tsoho da Gemu da Ga Mairama Ga Daudu dama darasin tausayin tsoho da zaman aure ne cikin raha. Yawon gida-gida da dare bai dace da titunan Legas ba, saboda haka a yi shi a harabar makaranta bayan tarawihi, iyaye su zo kallo, a tashi kafin ƙarfe 10. Maƙwabta Yarbawa Musulmi suna da tasu al'adar ta waƙar tashin sahur, don haka gayyatarsu ba za ta zama baƙon abu ba.

A makon ƙarshe na kowane jigo a yi ɗan taro na awa ɗaya. Kowane rukuni ya rera baitocinsa, sannan a zaɓi yaro ɗaya daga cikinsu, ba wanda suka shirya ba, ya yi bayanin ma'ana. Idan za a ba da kyauta a raba ta uku, ta hadda, ta bayani, da ta mafi kyawun baiti sabo, kuma kada ta zama kuɗi. Littafi, allo ko yadin ɗinki sun isa. Dattijuwar da aka ɗauko waƙa a bakinta a aika mata da abin hawa, a zaunar da ita a gaba, a ambaci garinsu. Baitocin da yara suka tsara a shigar da su littafin makaranta da boko da ajami, da kwanan wata da sunan ajin, don jagororin zango mai zuwa da su za su fara bita.